Ranar da Kalilu Ya Yafe wa Kowa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Kalilu a nan Daura, ita ma katangar sai da muka je gaban mai unguwa a kanta. Ya ce ta karkato wajensa. Na ce ruwan sama ne ya karkatar da ita, ya je ya kai ƙarar damina. To ka ji irin maƙwabcin da Allah ya haɗa ni da shi tun muna samari har gemu ya fara fari.

Kalilu ɗan lodi ne a kara, kasuwar shanun Mai'adua, wato cikin masu tura shanu su hau tirela ranar kasuwa. Gajere ne, faffaɗa, wuyansa kamar turmi. Idan ya riƙe igiyar sa, san ne ke fara gajiya. Allah ya ba shi ƙarfi, amma ya hana shi mantuwa. Idan ka taka shi a sahun Idi, Idi mai zuwa zai nuna maka yatsan da ka taka. Talatu mai ƙosai ta taɓa zuba masa ƙonanne, tun daga ranar yake wuce ta ya je wata unguwa ya sayo, ya dawo ya tsaya a gabanta ya ci yana lumshe ido.

Ni tawa rigimar da shi ta gatari ce. Wai na ari gatarinsa shekarar da fara ta cinye gero, ban mayar ba. Ni dai ban san zancen ba. Amma kullum safiya ga gaisuwarmu ta kan katanga:

"Zailani, ina kwana, ina gatarina?"

"Lafiya lau, Kalilu. Gatarin ma yana gaishe ka."

Matarsa Murjanatu, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita kaɗai ta iya da shi. Na taɓa ce mata duk ranar da aka fara raba gidaje a Aljanna saboda haƙuri, ta taimaka ta sa ni a maƙwabta, amma ban da mijinta.

Abin ya faru ne ana shirin Babbar Sallah, lokacin da ake kwasar shanu zuwa Kudu ba dare ba rana. Wani falken shanu, Alhaji Mahdi, ya shigo ta kan iyakar Kongolam da wani jan sa mai ƙaho kamar rassan gawo. Tun safe duk kara ta san san nan. Ya kifar da ƙwaryar mai fura, ya bi wani dillali har sai da ya haye motar da ba tasa ba. 'Yan lodi suka ce a bar masa dabaibayinsa a ƙafa, a hau da shi a hankali. Alhaji kuwa direba na ta danna masa oda, ya daka tsawa ya ce a kwance, ai sa ba zaki ba ne. Aka kwance. Kalilu yana sama yana jan igiya. San ya hau a guje, ya ɗebe shi da ƙaho, ya wurga shi ta gefen tirela, bayansa ya sauka a kan bakin simintin wajen lodi.

Daga wannan faɗuwar Kalilu bai ƙara jin ƙafafunsa ba. Aka kawo shi Daura, Daura suka ce Katsina. A can likitoci suka ce ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu, sai an yi aiki.

Mu dai 'yan unguwa muka yi abin da aka saba, muka cika bas muka tafi dubiya. Da limaminmu Malam Ikrima, da ni, har Talatu ta bi mu da kwanon ƙosai, ta ce ko ba zai ci ba ya gani. Muka tarar Alhaji Mahdi ya riga mu da katan ɗin madara da ledar lemo, yana tsaye yana ta jan carbi. An fito da Kalilu daga ɗakin tiyata ke nan, an danna masa allurar kashe zafi, ido ya juye, leɓe ya bushe. Kowa ya dube shi ya dubi ɗan'uwansa. Ba wanda ya faɗa, amma har na fara tunanin wa zai aro mana makara.

Ka san yadda muke yi idan mutum ya kai nan. Ba a bari ya tafi da kowa a zuciya. Malam Ikrima ya sunkuya wajen kunnensa.

"Malam Kalilu, kana ji na? Ka yafe wa bayin Allah, kai ma Allah ya yafe maka."

Ni na matsa kusa, don na san za a sha zagi. Sai muka ji murya ƙasa-ƙasa:

"Na yafe."

Malam da kansa sai da ya ɗago ya waiga, ko wani ne ya yi magana daga gadon kusa.

"Har Alhaji Mahdi?"

"Har Alhaji. Har san. Har Talatu. Har Zailani da gatari."

Talatu ta fashe da kuka, ta ce shi ke nan, tafiya ta zo. Alhaji ya share ido da hannun riga yana cewa Allah ya saka da alheri. Can Kalilu ya ɗaga yatsa ya nuna sama.

"Ku sauko da raƙumin nan daga kan fanka, zai faɗo wa Malam."

Malam Ikrima ya ce mu yi ta salati, magagin mutuwa ne. Alhaji ya yi sallama ya fita da sauri, kai ka ce ya bar nono a wuta. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, a bas ɗin dawowa kowa na jimami, ni ina ta maimaita wa mutane cewa su zama shaida, zancen gatari ya ƙare.

To Kalilu bai mutu ba. Ina jin mutuwar ce ta leƙo, ta ga wanda aka aiko ta ɗauka, ta ce ba da ita wannan rigimar ba.

Aka dawo da shi a kwance kan katifa a bayan bas. Mutumin da ke kayar da sa ya koma sai an juya shi, ga robar fitsari, ga gyambon kwanciya da Murjanatu ke wankewa safe da yamma. Ba zan yi wasa da wannan ba, na ga abin da ya sa na yi kwanaki ban tsokani kowa ba. Asibiti kuma ya cinye komai. Akwai gonarsa ta gado a hanyar Zango, wadda daga ita gidan ke cin gero, daga ita Murjanatu ke samun gyaɗar sana'a. An ba wani ɗan kasuwar hatsi ita jingina aka biya aiki, da sharaɗin idan ruwan shuka ya sauka ba a fanshe ta ba, zai ɗan cika wani abu ta zama tasa har abada.

Wata safiya an fito da shi tsakar gida ya sha hantsi, sai na ji muryar da na yi kewa ta kan katanga.

"Zailani, ina kwana, ina gatarina?"

"Ai ka yafe."

"Wa?"

"Kai."

"Ni? Ni Kalilu? A gidan uban wa?"

Na zagaya na shiga na ba shi labari tun daga farko. Yana ji yana buɗe baki. Da na zo kan Talatu ya ce ƙarya ne. Da na zo kan jan san nan ya ce a kira masa Murjanatu. Ta ce ƙwarai, a gabanta aka yi. Ya dubi ƙafafunsa, ya ce wallahi wannan ta fi karayar ciwo.

Aka aika wa Alhaji Mahdi a kan ya dubi halin da ake ciki. Ya aiko da rabin buhun masara da amsa mai daɗi: ƙaddara ce, kuma Malam Kalilu mutumin kirki ya riga ya yafe a gaban liman, shi ba zai so ya ɓata masa ladansa ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, an sake wa kotuna allo, rediyo kullum wa'azin haddi da diyya. Kalilu kuwa ba aiki sai rediyo a kan ƙirji, har ya zama rabin malami. Ran nan ya ƙwala mini kira kamar gobara.

"Zailani! Ka san nawa ne diyyar wanda aka karya wa baya? Cikakkiya ce! Raƙumi ɗari!"

"To a ina za ka ɗaure su? Kada ka sa rai da ƙofar gidana."

"A kanka zan ɗaure su. Nemo mini keke, kotu za mu."

Kafin mu tafi Malam Ikrima ya zo ba shi baki. Ya ce abin kunya ne mutum ya yafe ya dawo ya ce bai yafe ba, kuma lada an riga an rubuta, me ya fi wannan? Kalilu ya hau murɗa rediyonsa, don duk rigimarsa yana jin nauyin Malam. Sai muryar Murjanatu ta fito daga bayan labule.

"Allah gafarta Malam, ladan muna so, Allah ya sa a same shi a can. Amma yaran nan da dare tuwo suke tambaya ta."

Malam ya gyara rawani, ya ce shi dai idan aka kira shi, abin da kunnensa ya ji zai faɗa.

Na aro keken guragu, na tura shi har kotu. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce da gangan na yi, wannan ma zai shigar da ita in an gama da Alhaji. Alƙalin wani siririn dattijo ne mai tabarau a kan hanci, irin waɗanda ba ka gane ko barci suke ko sauraro. Alhaji bai yi musu ba. Ya ce sa nasa ne, shi ya ce a kwance dabaibayi, amma magana ta mutu a asibiti. Malam Ikrima ya tashi ya ce ƙwarai ya ji "na yafe" da kunnensa.

Alƙali ya leƙo ta saman tabarau.

"Kalilu, ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Allah gafarta Malam, an ce bakina ya faɗa. Ni dai ba na nan."

Aka yi dariya, ɗan sandan kotu ya tsawatar. Alƙali ya ce yafiyar mai hankali tana ɗaure shi, ta wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa ba a kama shi da ita. Ya ɗage zama, ya ce Kalilu ya zo da shaidun da za su nuna ba ya cikin hankalinsa a ranar.

Da la'asar muka zauna a zauren Kalilu muna neman mafita. Ni na ce a nemo likitan, aka ce an mayar da shi wani gari. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas, mai jinginar gona har ya fara kai taki. Murjanatu tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce:

"Ni ban ga abin wahala ba. Duk Daura wa bai san Malam Kalilu ba ya yafiya ba? A tara mutane su faɗi halinsa. Duk wanda ya ji, ya san mai 'na yafe' ɗin nan ba shi ba ne."

Kalilu ya zabura da rabin jikin da ke motsi.

"A gaban alƙali za ku tsaya ku ce ni mugu ne?"

"Ba mugu ba, Malam. Mai riƙo."

"Sunana fa? Yarana fa su ji?"

"Yaranka sun riga kowa sani. Zaɓi ɗaya, sunan ko gonar."

Ya daɗe yana kallon hadarin nan ta ƙofar zaure. Can ya ce, "Ku faɗa. Amma wanda ya ƙara gishiri, ni da shi ne."

Ban taɓa ganin aikin Allah da mutane suka yi rububinsa kamar wannan ba. Kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa ana neman wanda Kalilu ya taɓa ƙullata. Har daga Mai'adua aka zo. Wani mai facin taya ya ce shi ko kuɗin mota ba ya so, a dai ba shi dama. Sai da muka yi tankaɗe muka rage.

Ranar zama kotu ta cika har taga. Abin da ya fi ba ni dariya, Alhaji Mahdi ne ya koma mai yabon Kalilu. Ya tashi ya ce shekara da shekaru yana hulɗa da shi a kara, bai taɓa ganin mai sanyin zuciya da saurin yafiya irinsa ba. Wani daga baya ya ce, "Wane Kalilun?" Kotu ta kwashe da dariya. Shi kansa Kalilu sai da ya juyo ya dube ni, ya ce a hankali, "Ka ji ɗan banza zai kashe ni da yabo."

Sai namu shaidun, masu zagi. Talatu ta ba da labarin ƙosai, har da yadda yake lumshe ido. Mai unguwa ya ce a shekarunsa na sarauta rabin ƙarar da ya saurara ta Kalilu ce, har da wadda ya kawo a kan zakaran da ke cara kafin lokaci. Mai faci ya yi nasa. Kalilu yana zaune a keke, gumi na zuba, kowa ya gama sai ya ce, "Haka ne," kamar mai haɗiyar maɗaci. Sau ɗaya kawai ya ɗaga hannu, lokacin da Talatu ta ce ƙosan ɗan ja ya yi kawai. Ya ce, "Baƙi ƙirin, Allah gafarta Malam. A rubuta."

Alƙali ya sake kiran Malam Ikrima.

"Bayan ya ce ya yafe, ya ƙara wata magana?"

Malam ya ɗan yi tari. "Ya ce a sauko da raƙumi daga kan fanka."

"Akwai raƙumin?"

"Ban gan shi ba, Allah gafarta Malam."

Daga nan aka kira ni. Na gyara hula, na faɗi duk abin da na sani, ban ƙara gishiri ba sai ɗan kaɗan. Na ce Kalilun da na sani, ko sauro ya cije shi sai ya tambayi unguwarsu. Alƙali ya bar ni na gama, sannan ya cire tabarau.

"An ce har da kai a cikin waɗanda ya yafe wa."

"Haka ne, zancen wani gatari."

"Ka gane idan na karɓi shaidarka, yafiyar nan ta faɗi gaba ɗaya? Ba za ta faɗi a kan Alhaji ta tsaya a kanka ba."

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na waiga, na ga Kalilu ya kafe ni da ido, ga wani murmushi na mugunta yana tasowa. Na waiga ɗaya gefen, na hango Murjanatu cikin mata ta riƙe bakin mayafi da hannu biyu.

Na ce, "Ta faɗi, Allah gafarta Malam. Ba ya cikin hankalinsa."

"To ka ari gatarin?"

"Allah gafarta Malam, wannan wata shari'ar ce daban."

Alƙali ya mayar da tabarau, ina jin dariya yake ɓoyewa. Ya ce mutumin da ya ba da shaidar da za ta dawo masa da rigima, ba a raina shaidarsa. Aka kawo buta na taimaka wa Kalilu ya yi alwala a kan keke, aka ɗora masa Alƙur'ani, ya rantse bai san ya yafe wa kowa ba. Kalilu kuwa duk tsiyarsa ba ya wasa da rantsuwa. Alƙali ya yanke cewa yafiyar asibiti ba ta zauna ba, haƙƙi yana nan a kan Alhaji. Ya ce kafin ya shiga ƙididdigar diyya, ya ba su dama su je su yi sulhu, in sun kasa su dawo.

Alhaji da ya ji an fara ambaton raƙuma, a tsakar kotun ya nemi dattawan kara. Aka zauna, aka tashi, aka sake zama. Kalilu ya ce shi a fara kawo masa jan san nan, yana da magana da shi. Aka ce ai tuni an cinye shi a Kudu. Ya ce to waɗanda suka ci ma bai yafe ba. A ƙarshe Alhaji ya fanso gonar, ya ɗauki nauyin magani da zuwa asibiti, ya sayo keken guragu sabo, ya haɗa da shanun huɗa biyu da amalanke. Aka koma gaban alƙali aka tabbatar. Ranar da mai jingina ya sakar musu gona, da yamma aka yi ruwan shuka. Murjanatu ta aika masa da ƙuli-ƙuli, ta ce a yi masa godiyar taki.

Kalilu bai sake takawa ba, kuma likitoci sun ce kada a sa rai. Akwai ranakun da ciwo ke hana shi ko gaisuwa, ranakun nan unguwa ba ta mini daɗi. Amma ranar da ya tashi da sauƙi, a kan ɗora shi a amalanke bisa katifa, a jingina shi da buhu, ya kama igiya da hannuwan nan nasa da har yanzu ba a murɗe su. Shanun ya raɗa musu suna, ɗaya Alhaji, ɗaya Mahdi. Idan kana hanyar Zango da safe za ka ji shi tun daga nesa: "Alhaji, dama! Mahdi, kai wane irin dabba ne?" Ya je ya zauna a gindin gawo yana yi wa 'yan ƙwadago faɗa har azahar. Idan ka tsaya gaishe shi zai gaya maka an cuce shi, raƙumansa ɗari aka mayar shanu biyu. Ƙosan Talatu kuwa ya koma ƙi, yanzu aike yake yi wata unguwa a sayo, a tura shi gabanta ya ci.

Ni kuma da na ga safiya ta dawo yadda take, na je kasuwa na sayo gatari sabo fil, mai ƙota ta ƙirya. Ba don na ari nasa ba, a'a, don kunnena ya huta. Na kai masa har gado. Ya karɓa, ya juya shi, ya gwada kaifin da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ƙotar, ya miƙa wa Murjanatu ya ce ta sa masa a ƙarƙashin gado.

"Madalla, Zailani, Allah ya ba da lada. Wannan na karɓa sadaka ce ga mara lafiya."

Na juya zan fita, har na kai bakin ƙofa.

"Zailani."

"Na'am?"

"Ina gatarina?"